Gajiyar Ƙarfe: Arahar Da Ke Kayar Da Jirgi

Duk mai sayar da rodi a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da ke Abuja ya san cewa idan aka dinga lanƙwasa waya ana miƙe ta, za ta karye ko da ba a sa mata almakashi ba. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma ita ce babbar abokiyar gabar farfelar ƙananan jiragen sama, irin waɗanda attajirai ke ɗauka shata da waɗanda ake feshin tsuntsayen jan-baki da su a jihohin Kebbi da Jigawa.

Farfela na juyawa fiye da sau 2,000 a minti guda, nauyin da ke jan gindin kowane reshe kuwa yakan haura tan goma. Akasari da alminiyam ake ƙera ta. Tsakuwa ɗaya a filin sauka na jar ƙasa ta isa ta yi mata ɗan tabo. Daga tabon sai tsaga ta fara tafiya a ɓoye, har ranar da reshen zai fita. Da zarar ya fita, girgiza na iya tumɓuke injin daga mazauninsa cikin daƙiƙoƙi.

Haka ta faru ranar 21 ga Agusta, 1995, a jihar Jojiya ta Amurka, lokacin da reshen farfelar wani jirgi ƙirar Embraer mai ɗauke da mutum 29 ya karye a sama, aka yi asarar rayuka. Bincike ya nuna cewa tsatsa ce ta haifar da tsagar daga ciki. Abin takaicin shi ne an taɓa kai reshen gyara, aka goge wurin, aka maido shi bakin aiki da tsagarsa.

A nan lissafin kasuwa ya shigo. Masu ƙera farfela sukan ƙayyade a yi mata garambawul bayan sa'o'in tashi wajen 2,000, ko shekara biyar zuwa shida, duk wanda ya riga cika. Da dala ake biyan wannan aiki, kuma tun da aka saki naira a 2023 kuɗinsa ya ninka. Mai jirgin da ciniki ya yi wa ƙaranci zai ga kamar farfelar da ke ajiye ba ta tsufa, alhali damina ba ta duba littafin sa'o'i kafin ta sa tsatsa.

Don haka bai kamata ɗan kasuwar da ke auna kaurin rodi kafin ya biya ya hau jirgin shata a kan farashi kaɗai ba. Yana da haƙƙin neman a nuna masa littafin tarihin farfelar da ranar garambawul na ƙarshe. Ya kuma dace Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta tsananta bincike a kan farfelun gwanjo da ake shigowa da su ba tare da cikakkun takardu ba.