Ku zo ku ɗauki hannun masunci a bidiyo

Masu ƙera manhajar tura kuɗi ta salula, daga Yamai har Faransa, da ku nake. Kuna yawo da takardar tambayoyi, mutum ya ce muku "lafiya lau" don kunya, ku koma ofis. Tun shekarun 1980 Lucy Suchman ta ɗauki bidiyon masu fama da injin kwafi na Xerox, ta ga inda suke maƙalewa. Ku zo bakin tafkin Madarunfa, ku nemi izini, ku ɗauki masunci yana tura kuɗi: yatsa jiƙe, rana ta kashe gilashi, ɗansa na karanta masa Faransanci. Sifili ɗaya ya ƙaru, jikka 5 ta zama 50. Ƙanƙantar maɓallinku ce ta jawo, kada ku ce mini jahilci ne. Wa zai biya shi?