Sabon ma'aunin galahanga: wa zai biya?

A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sauya ma'aunin gano lalurar galahanga. Ta soke tsofaffin rabe-rabe, har da wanda ake kira Asperger, ta haɗa kowa a rukuni ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a kundinta da ya fara aiki a 2022. A Amurka, yaro 1 cikin 150 ake samu da lalurar a 2000, amma a 2020 an kai 1 cikin 36. Yanzu wasu masana na son a ware masu tsananinta da suna daban, yayin da masu lalurar da dama ke fargabar a raba su da sunan da suka fahimci kansu da shi. Fargabarsu na da tushe, domin a can sunan ne ke kawo tallafi a makaranta.

Ni dai ina shakkar abin da kowane ma'auni zai tsinana wa uwa a Guri ko Kirikasamma a jihar Jigawa. Ɗanta ba ya waiwayowa in an kira shi, yana toshe kunne da jin injin markaɗe, yana wuni yana jera marafan kwalba. Kafin ta ga likitan da ya san ma'aunin, an riga an ce shafar aljanu ce, akuya ta tafi wajen masu magani. Sai kuɗin mota zuwa Kano, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Uban ya bar shinkafa a fadama, ga kwana da abinci. In an dawo da takardar likita, wa zai koya wa yaron magana? Wane malami aka horar dominsa? Ga tsegumin unguwa, wanda kan bi 'yan uwansa mata har ranar neman aure.

Akwai asarar da ba a lissafawa. Irin waɗannan yara kan sulale su nufi ruwa, mu kuwa da damina kogin Haɗejiya har bakin ƙofa yake zuwa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Dole a samu mai tsaron yaron, kuma sau da yawa yayarsa ake cirewa daga makaranta.

Sunan lalurar na da amfani, yakan hana duka da ɗauri. Amma tun 2019 aka sa hannu a dokar tarayya ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman, kuma cika ta ne ya fi gaggawa. Muna kira ga gwamnatin Jigawa ta horar da ma'aikatan asibitocin karkara da malaman firamare kan wannan lalura.