Sulu da Takamori: Abin da Masu Kallo a Amurka Suka Karɓa da Wanda Suka Ƙi

A ranar 1 ga Mayu, 1964, tashar CBS ta nuna wani kashi na shirin The Twilight Zone mai suna "The Encounter". George Takei ne ya fito a matsayin Arthur Takamori, matashi Ba'amurke ɗan asalin Japan, wanda ya maƙale a ɗaki ɗaya da wani tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙi a Pasifik. Ana cikin musayar zafafan kalamai sai Takamori ya furta cewa mahaifinsa ya yi wa jiragen Japan ishara ranar harin Pearl Harbor. Babu hujjar tarihi da ta nuna an yi haka, kuma irin wannan zargi ne aka kafa dalili da shi aka tsare mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni daga 1942. Takei kansa yana yaro aka kai shi Rohwer da Tule Lake. Amurkawa 'yan asalin Japan suka yi ƙorafi, aka daina maimaita kashin a Amurka har zuwa 2016.

Shekara biyu bayan haka, a Satumban 1966, Takei ya sake bayyana a Star Trek a matsayin Sulu, matuƙin jirgin Enterprise, masu kallo kuwa suka rungume shi. Sau da yawa akan karanta wannan a matsayin shaidar cewa raunin yaƙi ya warke. Karatun ya yi gaggawa. Sulu ba sunan Japan ba ne. Gene Roddenberry ya aro shi daga tekun Sulu da ke kusa da Filifin, don halin ya wakilci Asiya baki ɗaya. Sunan Hikaru sai a 1981 ya fito a wani littafi, sai a 1991 aka ji shi a fim. Ko a kashin "The Naked Time", takobin wasan Turai ne a hannunsa, bisa zaɓin Takei, wanda ya guji takobin samurai. Wanda masu kallo suka so mutum ne da ba a ɗora masa tarihin yaƙi ba, kuma ba ya tuna musu da sansanonin.

Masu ƙorafin 1964 suna da gaskiya, domin ƙarya ce ta riga ta ci gidaje da gonaki. Amma ɓoye kashin tsawon shekara hamsin da ɗoriya ya fi amfanar masu shirin fiye da waɗanda aka yi wa ƙazafi, tun da ya kawar da shaidar abin da babbar tasha ta ga ya dace a nuna shekara goma sha tara bayan yaƙi. Mai nazarin martanin masu kallo da ya tsaya kan farin jinin Sulu kaɗai zai rubuta cewa an yi sulhu tun 1966, alhali gwamnatin Amurka ba ta nemi afuwa kan tsarewar ba sai a 1988.