Filin Lafiyar Iyali: Yauƙin da ke ɓuya cikin bututun numfashi

Duk uwargidan da ta saba wanke randa ta san yauƙin nan mai santsi da yakan lulluɓe cikinta, ko da ruwan ya yi garau. Ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an sa soso an cuɗa. Ƙwayoyin cuta ne suka taru, suka yi wa kansu rufi mai danƙo. Irinsa ne ke taruwa a haƙori, kuma a cikinsa ne mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ga ƙananan halittu suna motsi a shekarar 1683.

Wannan yauƙi yana bin majinyaci har gadon asibiti. Idan numfashi ya gagara, likita kan zura bututun roba ta baki zuwa maƙogwaro, ya haɗa shi da na'urar taimakon numfashi. Tun a kwanan farko yauƙin ke fara manne wa cikin bututun. Majinyacin ba ya iya tari ya fitar da majina, maganin da aka ba shi ta jijiya kuma ba ya isa jikin roba. Ƙwayoyin kan ɓalle su gangara huhu, su haddasa ciwon huhu, wanda yakan bayyana bayan awa 48 da sa na'urar.

Tsaftace bututun aikin ma'aikatan jinya ne kaɗai. Sukan zuƙe majina da siririyar roba mai tsabta, su goge bakin majinyaci, su ɗaga kan gadonsa tsakanin digiri 30 da 45 don kada abin cikinsa ya dawo maƙogwaro. Zuƙa ba ta kankare yauƙin duka, shi ya sa likitoci ke duba majinyaci kullum don a cire bututun da zarar ya iya numfashi da kansa.

Mu masu dubiya ma muna da namu nauyin. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa shi. Kada mu sauke masa kan gado don muna ganin ya gaji. Kada mu taɓa bututun ko mu gyara masa zama. Mafi girma duka, kada mu ɗiga masa zamzam, rubutu ko kunu a baki. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ke da bututu a maƙogwaro ba ya haɗiya yadda ya kamata, ruwan na iya zarcewa huhu tare da dattin bakin. A nemi izinin ma'aikata a shafa masa a goshi, a yi masa addu'a a kunne.

A shekarar 2020, lokacin korona, ƙungiyar agajin 'yan gudun hijira ta ƙasar Norway ta bayyana cewa na'urorin numfashi 3 ne kawai a duk ƙasarmu mai mutane kusan miliyan 5. Ɗan Kilomita Biyar da Allah Ya sa ya samu gurbi a kan irin wannan na'ura, bai dace ƙaunarmu ta zama sanadin ƙarin ciwonsa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.