Darasin Haɗuwar Zarra Ya Wuce Hadda

Sanin kowa ne cewa ɗalibai da dama a makarantun sakandare na Samaru da Sabon Gari sun ɗauki darasin haɗuwar ƙwayoyin zarra tamkar karatun hadda: a haddace, a juye a takardar jarrabawa, a manta. Wannan babbar hasara ce, domin a kan wannan darasi aka gina ilmin sinadarai baki ɗaya.

A dubi gishirin da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari. Daga sodiyam da kulorin aka same shi. Sodiyam ƙarfe ne da kan kama da wuta idan ya taɓa ruwa, kulorin kuwa iska ce mai guba. Amma da zarar zarrar sodiyam ta miƙa wa ta kulorin ilektiron guda, sai su riƙe juna gam, su zama abin daɗin miya. A ruwa kuma, zarra biyu na haidurojin da ɗaya ta oksijin tarayya suke yi a kan ilektiron, irin haɗin da Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana a 1916. Ƙullin da tarayyar ta haifar shi ake kira molikul.

Mutanen Zariya sun ga muhimmancin wannan sani. A 2008 an kwantar da yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ciwon ƙoda, bayan sun sha wani maganin fitar haƙori. An gano cewa an zuba sinadarin dayetilin gilaikol a maimakon furofilin gilaikol. Dukkansu ruwa ne mai kauri, marar launi, kuma daga kabon da haidurojin da oksijin aka gina su. Yawan zarra da tsarin haɗuwarsu ne suka bambanta, sai ɗaya ya zama guba. Yara 84 suka rasu a Nijeriya.

Saboda haka ya kamata malamai su sake salo. Ba sai da ɗakin gwaji mai tsada ba. Dunƙulen yumɓu da tsinken tsintsiya sun isa ɗalibi ya gina molikul ɗin ruwa da hannunsa, ya ga inda kowace zarra ta kama. Haka kuma ya dace sashen ilmin sinadarai na jami'ar ya riƙa gayyato ɗaliban makarantun da ke maƙwabtaka da shi. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.