Malam Mai Hoto, Wa Ya Rasu?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, akwai wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo mana gidajen biki, wadda in ba a yi magana a kanta yanzu ba, nan gaba kaɗan za ta zama doka, har a riƙa ganin wanda bai bi ta ba kamar bai san aikinsa ba. Ku duba ɗaurin aure, ko walima, ko dina, a Kano ko Zariya ko Kaduna. Jama'a sun caɓa ado, fari da shuɗi da ruwan ƙwai, sai ga waɗansu samari uku ko huɗu suna ratsa taro cikin baƙar riga mai kama jiki, da baƙin wandon jins, da baƙin kambas, da baƙar hular hana-salla, kai ka ce 'yan sanda ne suka zo tafiya da ango. To, waɗannan su ne masu ɗaukar hoto. Abin da kuwa ya kawo maganar shafin nan shi ne da yawansu namu ne: ɗalibai masu neman kuɗin rajista, da ƙananan ma'aikata waɗanda tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 albashinsu ba ya ganin tsakiyar wata.

Kada wani ya ce ina raina sana'ar. Ɗalibin da ya rataya kyamara ran Asabar ya fi mini wanda ya kwanta a ɗaki yana jiran saƙon kuɗi daga gida sau dubu. Sana'a ce mai manya. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya soma ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yau kuwa su ne shaidar irin kitson da kakanninmu suka yi. Malick Sidibé na Bamako a wuraren biki da rawar samari ya yi suna, har a 2007 aka ba shi lambar girma ta zinariya a babban bajekolin fasaha na birnin Banis a Italiya. Saboda girman sana'ar ne ma nake jin haushin yadda muke yin ta da aron hankali.

Ka tambayi ɗaya daga cikinsu dalilin baƙaƙen kaya, zai ce maka haka ƙwararru suke yi. Waɗanne ƙwararru? Waɗanda ya gani a intanet, mutanen Amurka da Ingila. To, bari mu yi wa Bature adalci, domin shi yana da dalili. A bikinsu amarya ce kaɗai take sa fari, al'adar da ta bazu tun auren Sarauniya Biktoriya a 1840, maza kuwa galibi baƙin kwat ko mai duhu suke sawa. Mai hoto da ya sa baƙi a irin wannan taro sai ya saje da mutane, ya ɓace, ba mai lura da shi, in ma ya faɗa cikin hoton abokin aikinsa ba ya ɓata shi. Dalili na biyu na aiki ne tsantsa: tufa mai launi mai ƙarfi, kamar ja ko kore shar, tana mayar da haske a fuskar wanda ake ɗauka in an matso kusa, sai fatar amarya ta fito da wani launi da ba nata ba. Baƙi ba ya yin haka. Watau manufar duka ita ce mai hoto ya zama kamar ba ya nan.

Yanzu ku ɗauki wannan manufa ku kawo ta ƙofar gidan waliyyin amarya, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, inda mutum ɗari uku suke zaune a kan tabarmi cikin farar shadda. Wa ya ɓace? Ba dai mai baƙaƙen kaya ba. Shi ne abu na farko da ido zai faɗa a kai, kamar ƙuda a cikin nono. Tufar da aka ƙirƙiro domin ɓoye mai hoto a Landan ita ce take tallarsa a Fagge. Mun ɗauko hukuncin, mun baro dalilin a can. Wannan kuwa ita ce cutar ɗan boko tun zamanin Turawan mulki, wadda ta sa alƙalanmu da lauyoyinmu har yanzu suke ɗora gashin doki a ka cikin zafin bazara.

Ga kuma zafin. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a Kano, a Sakkwato da Maiduguri ma ya wuce. Mai hoto kan yi awa takwas ko goma a tsaye, yana durƙusawa yana miƙewa, ga kyamara biyu a wuya. Na san akwai ɗan kimiyyar da zai tashi ya ce ai Buzaye ma baƙi suke sawa a hamada. Gaskiya ne, har ma akwai binciken da mujallar Nature ta buga a 1980 a kan Larabawan hamada, wanda ya nuna baƙar riga ba ta fi fara dafa jiki ba. Amma wace irin riga? Mai faɗi, mai kauri, wadda iska take zagayawa a cikinta ta kwashe zafin kafin ya taɓa fata. Ba wannan 'yar matsattsiyar rigar roba da take manne wa baya ba. Kafin la'asar gumi ya zana taswirar gishiri a gadon bayan saurayi, sa'an nan a haka zai matso ya gyara wa uwar amarya zama.

Amma ni a ganina zafi da launi duk ƙananan abubuwa ne. Babban abin shi ne saƙon da baƙaƙen kayan suke isarwa, wanda mai su ya sani sarai ko da ba zai faɗa ba. Cewa yake yi: ni fa ba irin tsohon mai hoton nan ba ne na bakin kasuwa, ni ɗan jami'a ne, ni baƙo ne a cikinku, kada ku haɗa ni da maroƙi ko sanƙira. Kunyar sana'ar hannu ce ta sa ya nemi rigar da za ta raba shi da mutanen da yake ci daga aljihunsu. Alhali kuwa ba wanda ake ba amana a gidan biki kamar mai hoto. Ana buɗe masa ƙofar da ba a buɗe wa abokin ango ba. Yana wuce zaure, yana shiga tsakar gida wurin kamu, yana ganin matan aure ba mayafi, yana ganin amarya tana kuka a jikin gwaggonta, kuma duk wannan yana tafiya da shi gida a cikin ɗan katin da bai kai akwatin ashana ba. Dattijon da zai bar ka ka shiga cikin iyalinsa, tufarka yake fara dubawa kafin ya dubi kyamararka. In ya ga ka yi shigar da ba za ka iya zuwa gaban surukinka da ita ba, me zai sa ya yarda za ka riƙe hoton 'yarsa da mutunci?

Akwai kuma 'yan ɗaya ɓangaren, waɗanda ba su cancanci dogon bayani ba. Su ne masu zuwa aiki da babbar riga aska takwas, suna gasa da ango, hannu ɗaya yana saɓa riga, ɗaya yana neman kyamara, har a shafa fatiha ba su ɗauki kome ba. Haka nan mai karɓar anko. Ranar da ka sa ankon abokan ango, ka tashi daga mai sana'a ka koma ɗan biki, kuma ɗan biki ba ya cewa a cika masa kuɗinsa. Kowa ya san yadda ake ƙarewa: “Haba, ai kai namu ne.”

To, me za a sa? Abin da telan unguwarku ya iya tun kafin a haife ku. Kaftani ko jamfa mai tsayi zuwa gwiwa, na yadin auduga mai shan gumi, mai launi kwantacce: ruwan toka, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu kaɗan. Irin wannan launi ba ya mayar da haske a fuska, ba ya nuna ƙura in ka durƙusa, kuma a taron maza ba wanda zai dube ka sau biyu. Fari tas ba na mai durƙuso ba ne. Hannun rigar ya zama tsukakke, mai maɓalli, don kada ya kama maratayin kyamara. Ka ce wa tela ya zurfafa aljihun gefe biyu, ya sa wa na ƙirji zif, domin batir da katin ajiya, sai ga shi ka huta da rigar nan mai aljihu goma ta 'yan jaridar yaƙi. Wando ya zama mai walawa a cinya, kada ya tona maka asiri a gaban jama'a.

Hula kuwa, nan ne abin dariyar yake. Hular hana-salla sunanta ya riga ya faɗi aibinta, ga shi kuma bakinta yana bugun kyamara duk lokacin da ka kai ta ido, shi ya sa za ka ga suna juya ta baya kamar 'yan tasha. Kube ko zanna ba ta da baki, tana zaune daram, ka ɗauki hoto da ita, ka yi sujada da ita. Takalmi ma haka. Aurenmu a masallaci ko a kan tabarma ake ɗaura shi, za ka tuɓe takalmi sau biyar ko shida kafin a watse. Mai kambas mai igiya ko dai ya tsaya kwancewa har waliyyi ya gama karɓar sadaki, ko kuwa ya taka shimfiɗar mutane da shi, wanda na biyun ya fi yawa. Sau-ciki marar igiya, mai taushin ƙasa, wanda ba ya ƙara, shi ne na aikin.

'Yan'uwanmu mata da suka shiga sana'ar, su ne ma ya kamata a riƙa ba aikin cikin gida, wurin sa lalle da kamu da buɗar kai, kuma da iyaye sun nace a kan haka da ɗalibai mata da yawa sun sami abin yi. Su ma ƙa'idar ɗaya ce: doguwar riga mai launi kwantacce, ƙaramin hijabi ko mayafi da aka ɗaure tsaf wanda ba zai sauko ya rufe idon kyamara ba, takalmi marar tsini, ba gwaggwaro, ba awarwaro mai ƙara a lokacin da ake yi wa amarya nasiha.

Za a ce mini, ai shaddar da kake yabo ma ba tamu ba ce, mai tsadar daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya take zuwa, mai arahar daga Sin, masaƙun Kaduna da Kano kuwa yawancinsu sun daɗe a rufe. Na yarda, kuma wannan abin kunya ne na wani shafin. Ni ban ce a guji baƙaƙen kaya don na Bature ne ba, kyamarar ma ai ta Japan ce. Cewa na yi kyamarar tana aiki a nan kamar yadda take yi a can, rigar kuwa ba ta yi. Za a kuma ce, in mai hoto ya saje da jama'a, yaya masu gida za su gane shi? Mutumin da yake rataye da kyamara biyu da fitila a hannu, in har ba a gane shi ba, to ba riga ce matsalarsa ba.

Sauran magana taku ce, ku ƙananan ma'aikata, domin ku ne angwayen bana da na baɗi, kuma yanzu har an fara samun masu shirya biki da suke gindaya wa mai hoto sharaɗin zuwa da baƙaƙen kaya. Ku ne masu biyan kuɗin. In kuna cinikin hoto, bayan kun gama maganar yawan hotuna da ranar da za a kawo su, ku ƙara tambaya ɗaya: da wace shiga za ka zo gidan surukaina?