Kada a sare jirgin nan

Ya kai mai karatu, ka san masu sayen tsohon ƙarfe. Suna yawo kasuwa kasuwa, daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela. Abin da duk ya tsufa, sai su aza shi bisa sikeli. To, akwai wani tsohon ƙarfe da bai kamata ya hau sikeli ba.

Jirgin sama ne na yaƙi, mai jefa bam. Sunansa Iliyushin 28. Mutanen Rasha suka ƙera shi, irinsa ya fara tashi a 1948. Injinsa biyu, mutum uku ke aiki cikinsa. Yana iya ɗaukar bam mai nauyin tan 3, wato nauyin buhun gero 30.

A 1967 yaƙin basasa ya tashi a Najeriya, tsakanin gwamnati da yankin gabas da ya ɓalle ya kira kansa Biyafara. Gwamnati ta samo waɗannan jirage daga Masar da Aljeriya. Da farko Misirawa ke tuƙa su. Sun jefa bam bisa sojoji. Amma bam ba ya da ido. Ya faɗa cikin garuruwa, ya faɗa cikin kasuwanni, ya kashe mata da yara. Su ma ƴan Biyafara sun jefa bam a filin jirgin Kano. Shugabanmu Diori Hamani ya karɓi ɓangarorin biyu a Yamai cikin watan Yuli na 1968 don neman sulhu, amma wutar ba ta mutu ba sai a Janairu 1970. Mutane fiye da rabin miliyan sun mutu, yawancinsu da yunwa.

Bayan yaƙi, an kai guda daga cikin jiragen garin Umuwahiya, inda Biyafara ta taɓa kafa babban birninta. A 1985 aka kafa gidan adana kayan yaƙi a can. Jirgin yana ajiye a fili, rana da ruwa suna dukansa.

Wasu na cewa: mi amfanin ajiye shi? A sare shi, a sayar, maƙera su zuba tukwane. Ban yarda ba! Tukunya ana samunta kowace kasuwa. Shaida kuwa, in ta narke, ba ta dawowa. Tsofaffin da suka ga yaƙin suna ƙarewa. Gobe wani zai tashi ya ce wa samari yaƙi wasa ne. Wa zai ƙaryata shi? Gani ya kori ji.

Wasu kuma na cewa a ajiye shi don alfahari, a shafa masa fenti, yara su yi ta sha'awa. Su ma ban yarda da su ba. Wanda ya nuna jirgin ya ɓoye kasuwar da ya ƙona, rabin gaskiya ya faɗa. A gyara shi, a yi masa rumfa. A kafa allo gabansa, a rubuta abin da ya aikata, da harshen da talaka ke karantawa.

Kada ka ce Umuwahiya da nisa. Daga Ƙonni zuwa iyakar Najeriya tafiyar ƙafa ce. In gidan maƙwabcinka ya kama wuta, ɗebo ruwa. Ranar da ka ji yaro yana yabon yaƙi a majalisa, ba shi labarin jirgin nan, ka tambaye shi: in ran kasuwarmu ne fa, uwarka tana ciki?